Idan Shafukan Bayani Suka Ɓace a Sabuwar Babbar Manhaja: Wace Hanyar Gyara Ta Fi Dacewa da Mu?

A tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo kuma aka shiga rabon wutar lantarki unguwa-unguwa a Garwa, muka ɗauko wata tsohuwar kwamfuta a cibiyar koyarwar da nake kula da injinanta domin mu mayar da ita ma'ajiyar fayilolin ɗalibai. Matashin da ke koyon aiki a hannuna ne ya ɗora mata Ubuntu Server 22.04, wani nau'in babbar manhajar Linux, kuma da ya iso inda ake tambayarsa ko yana son cikakken tsari ko wanda aka rage wa nauyi, sai ya zaɓi na biyun, saboda ya ga injin ya tsufa kuma ma'adanarsa ba ta da yawa. Tunaninsa ba shi da laifi. Washegari ya saka `rsync` domin kwafe fayiloli zuwa wani faifai na waje, ya buga `man rsync`, wato umarnin da ke buɗe shafin bayanin wannan manhaja, don ya duba yadda ake ware wasu jakunkuna daga cikin abin da za a kwafa, sai allon ya ba shi layuka kaɗan na Turanci da ke cewa an rage wa wannan tsari nauyi ta hanyar cire abubuwan da ba a bukata. Ya zo ya same ni ya ce, "Malam, ina jin filas ɗin da na yi amfani da shi ne ya lalace, manhajar ba ta shiga duka ba. Ko in goge in sake?" Na ce masa, "Dakata tukuna, ɗana, mu fara gano abin da ya ɓace da kuma dalilin ɓacewarsa."

Wannan dakatawa ita ce rabin aikin, domin abin da mutum yake gani a allo kusan iri ɗaya ne alhali dalilan sun sha bamban, kuma maganin wani ba ya yi wa wani aiki. Wani lokaci shirin da ke nuna shafukan ne kansa ba a saka ba, kamar yadda yake a Arch Linux (shi da Alpine, Fedora da Debian duk wasu nau'o'in Linux ne) tun 2019, inda kunshin tushe (kunshi shi ne tarin fayilolin manhaja da ake saukewa a saka) bai ƙunshi `man-db` da `man-pages` ba sai mutum ya saka su da hannunsa, ko a Alpine inda ake bukatar `mandoc`. Wani lokaci shirin yana nan amma an umarci mai sarrafa kunshi da ya zubar da takardun bayani tun yana kwance kunshin. A Ubuntu ɗin da aka rage, wannan umarni yana cikin fayil ɗin `/etc/dpkg/dpkg.cfg.d/excludes`, inda za ka ga layukan `path-exclude` da suka hana shigar abin da ke ƙarƙashin `/usr/share/man` da `/usr/share/doc`; a tsare-tsaren Fedora da danginta da aka rage wa nauyi kuwa layin `tsflags=nodocs` ne a cikin `/etc/dnf/dnf.conf`. Akwai kuma inda bayanin yake cikin wani kunshi dabam mai ƙarewa da `-doc` wanda ba ya biyo manhajar sai an nema. Mafi sauƙi duka shi ne inda shafukan suke nan lafiya amma fihirisarsu ce ba a gina ba, sai umarnin binciken shafuka, `apropos` ko `man -k`, su ce ba su sami komai ba, wanda umarnin `mandb` guda ɗaya yake warwarewa ba tare da an taɓa intanet ba.

Bambance waɗannan ba ya cin ko sisin data. A Debian da Ubuntu, `dpkg -L rsync` zai jero duk fayilolin da kunshin ya zo da su. Idan ka ga sunan shafin bayani a jerin amma `ls`, umarnin da ke nuna fayiloli, ya ce babu shi a faifai, to an zubar da shi ne da gangan lokacin sakawa, idan kuma babu shi a jerin sam, to nemi kunshin `-doc` ɗinsa. A Fedora `rpm -qd` ne ke jero takardun kunshi. Sannan kada a manta cewa umarni irin su `cd` ba shirye-shirye ne masu zaman kansu ba, suna cikin `bash` ne, shirin da ke karɓar umarnin da kake bugawa, don haka `help cd` ake bugawa, kuma `type cd` zai tabbatar maka da hakan. Manhajojin da aka saka ta Snap, wata hanyar saka manhaja a Ubuntu, su ma shafukansu ba sa shiga hanyar da `man` yake bi yana nema, saboda haka rashin ganinsu ba alamar lalacewa ba ce.

Bayan an gano dalili sai zaɓin magani, kuma na fara da wanda yaron nan ya kawo, wato goge komai a sake ɗorawa. Wannan hanya tana da amfani a hali guda kawai: idan yanzu aka gama ɗorawa, ba a saita komai ba, cikakken fayil ɗin ɗora tsarin yana kan filas a hannu, kuma an san cewa zaɓin da aka yi ne ya jawo matsalar. A irin wannan hali ba za ka kashe data ba, ɗan lokaci kawai za ka ɓata. Da zarar an buɗe wa mutane asusu, an saita hanyar sadarwa, an zuba fayiloli, to sake ɗorawa ya zama gyaran gangar Auzinawa. Kuma idan matsalar ta kunshin `-doc` ce ko ta Arch, ko sau goma ka sake ɗorawa haka za ka tarar da ita.

Hanya ta biyu ita ce wadda Ubuntu kanta take nuna maka a wancan saƙo, wato umarnin `unminimize`. Abin da yake yi a fili yake: yana cire fayil ɗin da ya hana shigar takardu, ya sabunta jerin kunshi, ya sake saka duk kunshin da aka zubar wa shafukan bayani da fassarori, ya mayar da `man` na gaskiya a gurbinsa, sannan ya ƙaro kayan aikin da cikakken tsari yake zuwa da su. Kyawunsa shi ne yana gama aikin gaba ɗaya, ba sai ka yi ta bin kunshi ɗaya-ɗaya ba, kuma duk manhajar da ka saka daga baya za ta shigo da bayaninta. Wanda ke da intanet na waya mai ƙarfi a ofis, ko ɗalibin da ke samun layin jami'a a Ngaundere ko Marwa, kuma injinsa yana kan batirin ajiya, babu abin da ya fi masa wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da ba a ajiye takardun da aka zubar a ko'ina cikin injin ba, dole ne a sake sauke kunshin gaba ɗayansa domin a ciro shafin da bai wuce 'yan kilobayit ba. Ka ɗauka kamar mutum ne ya sake sayo buhun gero don kawai yana bukatar takardar da aka manna a bakinsa. Idan kunshi ɗaya ne babu damuwa, amma `unminimize` yana yin haka ne ga ɗimbin kunshi a jere, kuma wanda yake haɗa injin da wayarsa yana amfani da datar da ya saya ta kwana ɗaya zai iya ganin ta ƙare aiki bai kai rabi ba. Yankewar intanet ba ta da haɗari sosai, domin `apt`, shirin da ke sauke kunshi ya saka, yana gama saukewa kafin ya fara kwancewa, kuma yana ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗaukewar wuta a lokacin da ake kwance manyan kunshin tsarin ita ce abin tsoro, domin tana iya barin wasu a tsakiyar hanya. Galibi `dpkg --configure -a` tare da `apt -f install` suna ɗinke ɓarakar, amma ba na son in kai injin da mutane suka dogara da shi bakin wannan rami saboda shafin bayani. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya buga wannan umarni da rana tsaka a lokacin rabon wuta, sai in akwai batiri ko hasken rana a bayansa. Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa kai: idan an rage wa injin nauyi ne da niyya saboda faifansa ƙarami ne, `unminimize` zai rushe wannan niyya baki ɗaya.

Hanya ta uku, wadda ni na fi karkata gare ta a yanayinmu, ita ce a buɗe ƙofar sannan a dawo da abin da ake bukata kaɗai. Ana cire layukan hani daga wancan fayil na `excludes`, ko a kawar da fayil ɗin zuwa wani wuri, a saka `man-db` da `manpages`, sannan a buga `apt-get install --reinstall` a kan manhajojin da ake aiki da su kullum. A injinmu ba su wuce `rsync`, `openssh-server`, `samba`, `coreutils` da `bash` ba. Kafin `apt` ya sauke komai, za ka iya sa shi ya nuna maka nauyin abin da zai jawo, don haka kana iya auna shi da datar da ke hannunka. A Fedora tsarin ɗaya ne: a goge layin `nodocs`, a buga `dnf reinstall` a kan kunshin da ake so.

Akwai tarko ɗaya a nan wanda ya ɓata mana kusan awa guda, kuma saboda shi ne wannan hanya take bukatar wanda ya ɗan goge. A Ubuntu ɗin da aka rage, abin da ke zaune a `/usr/bin/man` ba shi ne shirin gaskiya ba, ɗan gajeren rubutu ne da aikinsa kawai ya buga maka wancan saƙo. An yi amfani da `dpkg-divert` an karkatar da na gaskiyar zuwa wani suna, ta yadda ko ka saka `man-db` saƙon nan dai za ka ci gaba da gani. Mun saka komai daidai, shafukan suna nan a faifai muna ganinsu da `ls`, amma `man rsync` yana maimaita mana maganarsa ta jiya. Sai da muka buga `dpkg-divert --list` muka ga karkatarwar, muka goge ɗan rubutun, muka janye ta da `dpkg-divert --remove --rename /usr/bin/man`, sannan shafin ya buɗe. Idan mutum bai saba taɓa irin waɗannan wurare ba, kuma babu wanda zai tsaya a kansa, gara ya jira ranar da ya sami intanet mai kyau ya bi hanya ta biyu, domin ita tana yin wannan duka da kanta.

Masu Debian suna da nasu abin lura. Tun bayan ƙuri'ar da masu haɓaka Debian suka kaɗa a 2006 game da lasisin takardu na GNU, littattafan bayanin da ke ɗauke da sassan da ba a yarda a sauya ba an fitar da su daga babban rumbun da ake sauke kunshi daga gare shi an kai su sashen `non-free`. Saboda haka wanda ya nemi cikakken littafin `make`, `tar` ko `gcc` bai gan shi ba, ba injinsa ne ya samu matsala ba. Sai ya ƙara wannan sashe a jerin rumbunansa kafin `make-doc` ko `tar-doc` su bayyana. Ɗaliban da ke koyon rubuta shirye-shirye da harshen C kuma su nemi `manpages-dev`, domin a nan ne shafukan sashe na 2 da na 3 suke, irin su `open` da `malloc`.

Hanya ta huɗu ita ce wadda yawancin matasanmu suke bi ba tare da sun ɗauke ta a matsayin zaɓi ba: a bar injin yadda yake, a ɗauki waya a nemi bayanin a intanet. Ba na raina ta. Debian da Ubuntu duk suna ajiye shafukansu a `manpages.debian.org` da `manpages.ubuntu.com`, shafi ɗaya ba ya cin data mai yawa, kuma ga wanda zai duba abu guda sau ɗaya, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma tana da aibi biyu da suke damuna. Na farko, lokacin da ka fi bukatar bayani shi ne lokacin da hanyar sadarwar injin ta ƙi aiki, kuma sau da yawa a garuruwanmu wutar da ta ɗauke maka ita ce ta raunana layin wayar unguwar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kuma shi ya fi cutarwa, shi ne saɓanin siga. Mai bincike a intanet yana kawo maka abin da ya fi shahara, ba abin da ya dace da injinka ba. Ubuntu ta koma saita hanyar sadarwa da Netplan tun sigar 17.10, amma har yau rubuce-rubucen da ke koyar da gyaran `/etc/network/interfaces` sun cika ko'ina, haka ma waɗanda ke cewa a buga `ifconfig` alhali sababbin tsare-tsare da `ip` suke zuwa. Na sha ganin ɗalibi ya bi irin wannan bayani sawu da ƙafa, abin ya ƙi, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Shafin da ya zo cikin kunshi kuwa an rubuta shi ne don wannan siga da ke gabanka. Duk wanda zai dogara da intanet, ya fara buga `cat /etc/os-release` ya ga sunan sigarsa, ko jammy ce ta 22.04, ko noble ta 24.04, ko bookworm ta Debian 12, sannan ya tabbatar sunan nan yana cikin adireshin shafin da yake karantawa.

A tsakanin ta uku da ta huɗu akwai wata dabara ga wanda ba ya son taɓa saitin injin ko kaɗan, musamman idan injin ba nasa ba ne. Ana iya sauke kunshin kawai da `apt-get download`, a kwance shi cikin wata jaka da `dpkg-deb -x`, a karanta shafin da `man -l` a duk injin da ke da `man` mai aiki. Ba a saka komai ba, ba a sauya komai ba, kuma sigar ta yi daidai.

Inda injina suka wuce ɗaya, lissafin yana sauyawa, kuma a nan ne filas ya fi kowace hanya araha. Kunshin da aka sauke sau ɗaya yana iya yi wa injina goma aiki muddin sigarsu da nau'in na'urarsu ɗaya ne. Abin kiyayewa shi ne `apt-get` yana barin abin da ya sauke a `/var/cache/apt/archives`, shi kuwa `apt` yana goge su bayan ya gama sakawa, don haka wanda ke son ya tara su ya yi amfani da na farkon. Daga nan sai a kwafe su a filas, a zuba a irin wannan jaka a injin na gaba, `apt-get` zai tarar da su ya fasa saukewa. Cibiyar da ke da ɗaki guda na kwamfutoci a haɗe tana iya sa `apt-cacher-ng` a inji ɗaya ya riƙa ajiye wa sauran. Wanda yake Kusiri ko Injamena yana hidimar ofisoshi da yawa, yana yawo a babur daga wannan zuwa wancan, filas mai ɗauke da kunshin bayani na siga ɗaya ko biyu da ya fi haɗuwa da su zai rage masa kashe kuɗi ƙwarai. Raunin wannan hanya shi ne tana tsufa: da an sabunta kunshi a rumbu, wanda ke filas ya zama na baya, sai an sake tarawa.

Maganar harshe ma tana shiga zaɓin, tun da yawancinmu da Faransanci muka yi makaranta, a Kamaru ko a Cadi. Kunshin `manpages-fr` yana kawo fassarar shafuka masu yawa, kuma `man` yana zaɓar harshe ne bisa saitin injin, idan bai sami fassara ba ya koma Turanci. Shawarata ita ce a saka duka biyun, a karanta na Faransanci don a fahimci manufa, amma idan za a buga umarnin da zai goge ko ya sauya fayiloli a leƙa na asali da `man -L en`, domin fassara takan zo a bayan asali.

Masu Windows ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi sauƙin rarrabewa. Tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi da na makarantu da har yanzu ake amfani da su a wurarenmu, waɗanda bayaninsu ke cikin fayil mai ƙarewa da `.hlp`, ba za su buɗe shi a Windows 10 ko 11 ba, domin an daina saka shirin da ke karanta shi tun zamanin Vista. A nan mafita ita ce a buɗe fayil ɗin a tsohon inji a kwafe abin da ake bukata, ko a nemi sabon bayani wurin mai manhajar. Fayil mai `.chm` da aka sauke daga intanet kuma yakan buɗe da jerin babuka a gefe amma cikinsa fari fat. Wannan kulle ne na tsaro, ana shiga bayanan fayil ɗin a danna wurin cire kulle, kuma a kwafo shi kan faifan injin idan yana kan ma'ajiyar da aka raba. PowerShell, shirin buga umarni na Windows, tun siga ta 3 ba ya zuwa da cikakken bayaninsa sai an buga `Update-Help`, kuma yana da `Save-Help` wanda ke sauke bayanin a jaka domin a ɗauka a filas zuwa injin da ba shi da intanet. LibreOffice, manhajar aikin ofis, a Windows ko a Linux, idan ba a saka kunshin taimakonsa ba, danna F1 zai tura ka intanet ne. A Debian da Ubuntu `libreoffice-help-fr` shi ke kawo na Faransanci cikin injin. A ɗakin koyar da sakatarori wannan kunshi ya fi duk shafukan `man` amfani, kuma shi nake fara sakawa.

A wancan inji namu hanya ta uku muka bi, muka gama da yamma kafin a ɗauke wuta, kuma muka kwafe kunshin da muka sauke a filas muka rubuta 22.04 a jikinsa da biro. Da aka kawo mana wasu injina biyu bayan damina, yaron ya zaɓi cikakken tsari tun a wurin ɗorawa, domin faifansu yana da sarari kuma ɗalibai ne za su riƙa zama a gabansu suna koyo. Tsarin da aka rage mun bar shi ga inji ɗaya tak, wanda ke cikin kabad yana raba fayiloli, kuma ko shi mun bar masa shafukan `rsync` da `samba` da `ssh`, saboda su ne ake nema a duk ranar da ya ƙi amsawa.